Tsantsar Asid Ɗin Khal Ba Ruwan Girki Ba Ne

Babu wanda bai san khal ba. Ana sayen khal tuffa a shagunan magungunan Musulunci, mata na zuba shi, wato binega, a kwaɗon kabeji da latas, wasu kuma suna goge tukwane da shi. Abin da ke ba shi tsami da warin nan mai hawa hanci wani sinadari ne da masana ke kira asid ɗin asetik, kuma a khal na ci bai wuce kashi 4 zuwa 8 cikin 100 ba, sauran kusan duk ruwa ne. Amma wannan sinadari ana sayar da shi tsantsa, kashi 99 cikin 100, a jarkoki da ganguna, ga masaƙu da masu rini da masu yin gam da fenti, da ɗakunan gwaje-gwaje na makarantu da asibitoci. Launinsa na ruwa ne, warinsa na khal ne, sunansa ma na khal ne. Wannan kama ita ce tushen haɗarin, domin mutumin da ba zai yarda ya kusanci ruwan batir ba sai ka ga ya ɗauki jarkar wannan asid hannu tsirara, yana cewa ai binega ce mai ƙarfi. Kama da wane ba wane ba ne.

Lissafi kaɗai ya isa ya nuna nisan da ke tsakaninsu. Kwalba ɗaya ta tsantsar asid ɗin, sai an haɗa ta da kwalba 19 ta ruwa kafin ta sauko zuwa ƙarfin binegar da ake sa wa abinci. To, wani mai ɗan ilimin kimiyya zai ce ai a makaranta an koya musu cewa wannan asid mai rauni ne. Gaskiya ne an koya musu haka, amma ba a nufin mai sauƙi ga jiki. Abin da malaman kimiyya ke nufi shi ne, in an zuba shi a ruwa, ƙwayoyinsa kaɗan ne suke rabuwa, yawancinsu suna nan a dunƙule. Kuma wannan dunƙulewar ce ke ba shi damar ratsa maiƙon fata ya shiga tsoka. Saboda haka ƙunarsa takan yi yaudara: ya zuba wa mutum, ya ji ɗan raɗaɗi, ya share da gefen riga ya ci gaba da aiki, sai bayan sa'o'i wurin ya tashi ya yi bororo. A ido kuwa babu wannan jinkiri, ɗigo kaɗan na iya lalata gani har abada. Dokar Tarayyar Turai ta yanka iyakoki a fili: daga kashi 10 zuwa 25 yana sa raɗaɗi a fata da ido, daga kashi 25 zuwa sama an sa shi cikin sinadarai masu cin nama, daga kashi 90 kuwa yana ajin da ya fi kowanne tsanani.

Cikin ƙasashen da suka ga illar shansa sosai akwai Rasha da maƙwabtanta, inda aka saba sayar da khal mai ƙarfin kashi 70 a kantunan abinci don matan gida su sirka su adana kayan lambu. Likitocin can sun daɗe suna karɓar yara da manya da suka kurɓe shi, kuma abin da suka gani ya wuce ƙunar baki da maƙogwaro. Asid ɗin yana shiga jini ya farfasa jajayen ƙwayoyinsa, fitsari ya koma ja ko baƙi, ƙoda ta toshe ta daina aiki. Wanda ya tsira, sau da yawa hanyar abincinsa takan warke da tabo ta tsuke, bayan makonni ya kasa haɗiye ko kunu sai an yi masa aiki. Abin lura a nan shi ne inda kwalbar take zama: a ɗakin girki, kusa da mai da gishiri, inda hannu ke kaiwa ba tare da tunani ba.

Akwai kuma abin da ya shafi yanayin yankinmu kai tsaye, wanda masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Tsantsar asid ɗin nan yana cin wuta. Da zafinsa ya kai digiri 39 a ma'aunin Salsiyas, tururin da ke tashi daga gare shi ya isa ya kama in ya haɗu da ashana ko tartsatsin wayar lantarki. A Turai wannan zafi baƙo ne, amma a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, watan Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin shago mai rufin kwano. Tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya taru a kwari, ya kai inda janareta ko murhu yake. Da hunturu kuma sai ya juyo da wata fuskar: yana daskarewa a ƙasa da digiri 17, sanyin da daren Janairu ke kawowa a Kano da Jos. Mai kaya ya wayi gari ya ga jarka ta zama ƙanƙara, abin da zai fara zuwa ransa shi ne ya kai ta bakin wuta, kuma wannan shi ne mafi munin abin da zai yi. A bar ta a ɗaki mai ɗumi ta narke da kanta.

Wasu sukan ce warinsa ya isa gargaɗi, hanci zai kori mutum kafin ya cutu. Hanci yana jin sa da wuri, wannan haka yake, amma hanci yana sabawa, kuma ma'aikacin da ke neman abincinsa ba ya barin aiki don wari. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa iyakarsa a kashi 10 cikin miliyan na iskar wurin aiki a tsawon sa'a 8, kuma ana ɗaukar kashi 50 cikin miliyan a matsayin haɗari na nan take. Wanda ya daɗe yana shaƙarsa yakan gamu da tari, jan ido, da zaizayewar haƙora.

Kiyaye shi ba ya bukatar dukiya mai yawa, ko da yake kuɗi shi ne uzurin da aka fi kawowa. Tabarau mai rufe gefen ido, da safar hannu mai kauri ta robar butil, da bokitin ruwa a kusa, su ne abin da ake bukata. Siririyar safar da ake duba marasa lafiya da ita ba kariya ba ce a nan, asid ɗin yana ratsa ta. A buɗe jarka a wuri mai iska, in za a sirka a zuba asid cikin ruwa sannu a hankali. Kada a ajiye shi a gwangwanin ƙarfe ko bokitin kwano, domin yana cin su yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta. A nisanta shi daga asid ɗin naitirik da sauran sinadarai masu ruruta wuta, da sodar yin sabulu, kuma kada a taɓa haɗa shi da bilic na wanki, ko da binegar girki ce, don haɗin yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe huhu. Asibitoci ma suna da nasu rabon: gwajin sankarar bakin mahaifa da ake yi wa mata ana yin sa ne da asid ɗin nan mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5, kuma sau da yawa daga tsantsar ake sirkawa. Kwalba biyu masu kama ɗaya a kan tebur ɗaya, babu rubutu, sun isa su mai da gwajin ceton rai ya zama ƙuna.

In tsautsayi ya auku, maganin farko ruwa ne mai yawa. A tuɓe rigar da ya jiƙa, a yi ta kwarara ruwa a wurin aƙalla minti 15, ido kuma a buɗe shi ana zubawa har a kai asibiti. Wanda ya sha, kada a sa shi amai, domin asid ɗin zai sake ƙona maƙogwaro a hanyar fitowa. Kada a ɗura masa manja, kada a ba shi kanwa da nufin kashe tsamin, haɗuwarsu na haifar da zafi da iska a cikin da ya riga ya raunana. A kurkure masa baki, a garzaya da shi wurin likita tare da kwalbar.

Masu sayar da sinadarai a kasuwa su ne suka fi kowa iko a kan wannan lamari, domin a hannunsu ganga ke komawa ƙananan kwalabe. Gangar takan zo da lamba 2789 da hoton hannu da ruwa ke ci, amma da an tsiyaya a gorar lemo ko ta ruwan sha, gargaɗin ya tsaya a shago, gubar ta tafi gida. Alhaji mai shago, in mai saye ya miƙo gorar lemo, a mayar masa da ita, a zuba masa a mazubi mai murfi da aka rubuta sunan abin da ke ciki da boko da ajami.