Darasi kan bashi: abin da dokar Togo ta tanada ga wanda ya kasa biya

A ofishin kariya muna yawan fassara wa mutanen Kodjoviakopé koke-koke iri ɗaya: an ci bashin haya, ko na asibiti, ko an karɓi jari don sayar da kaya a kasuwar Asigame, ciniki ya ƙi, mai kuɗi kuma ya tsaya a ƙofa. Shi ya sa muka tattara tambayoyin da aka fi yi mana.

Tambaya ta farko: shin akwai hanyar da kotu za ta yafe wa mutum bashinsa duka, kamar yadda ake ji a Amurka? Ga magidanci ko ma'aikacin albashi da ya ci bashi don cefane ko haya, amsar ita ce babu. Togo tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da aka kafa a 1993 don haɗa dokokin kasuwanci, kuma dokarta ta karayar arziki, wadda aka sabunta a 2015, an yi ta ne domin kamfanoni da masu sana'ar kansu: ɗan kasuwa, tela, manomi da makamantansu. Ko a can ɗin ma ba sauƙi ba ne, domin idan sana'ar ba za ta farfaɗo ba, kotu tana sa a sayar da dukiyar a raba wa masu bin bashi. Ga mai tallan da jarinta bai wuce jika hamsin ba, a ganinmu sulhu ya fi mata wannan hanya.

To, za a iya ɗaure mutum saboda bashi? Wannan ne ya fi hana mutane barci. Togo ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin ɗan Adam da na siyasa a 1984, kuma sashe na 11 ya hana a ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alƙawarin biya. Amma a lura: wanda ya karɓi kuɗi da ƙarya, ko aka ba shi kuɗin adashi ajiya ya cinye, laifinsa ya zama zamba ko cin amana, kuma wannan yana kai mutum gidan yari. Bashi kuwa ba ya soke matsayin ɗan gudun hijira. Duk da haka, kada ku ba kowa katinku jingina; ranar da kuke buƙatarsa a asibiti ko a kan hanya, yana aljihun wani.

Abin da muka fi so ku riƙe shi ne batun takardar kotu. Mai bin bashi yana iya zuwa wurin alƙali shi kaɗai, ya nuna shaidarsa, a ba shi umarnin biya. A saman takardar za ku ga an rubuta "injonction de payer", kuma ma'aikacin shari'a da ake kira wisiye ne yake kawo ta. A dokar da aka sabunta a 2023, kwana 10 kawai ake da su don a ƙalubalanci umarnin. A da kwana 15 ne, shi ya sa wasu ke ruɗewa. Mun ga waɗanda suka ninke takardar suka sa ƙarƙashin katifa don ba su jin Faransanci, wasu kuma suka tsallaka Aflao na ɗan lokaci da zaton maganar za ta mutu. Ba ta mutuwa. Idan kwanakin suka wuce, umarnin yana zama hukunci, ko da kuɗin da aka rubuta sun fi na gaskiya. Ku kawo mana takardar a ranar da ta zo, mu karanta muku. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, a sashe na 16, ta ba ku damar zuwa kotu kamar ɗan ƙasa.

A gaban alƙali kuna iya roƙon a sassauta. Doka ta ba shi ikon ɗage biya ko rarraba shi kaɗan-kaɗan har tsawon shekara ɗaya, ban da kuɗin ciyar da iyali da kotu ta ɗora wa mutum.

Ƙwace kaya fa? Mai bin bashi ba shi da ikon shiga ɗakinku da kansa ya ɗauki keken ɗinki ko tukunya. Aikin wisiye ne, da takarda a hannu, kuma ba a yin sa ranar Lahadi ko ranar hutu, ba kafin ƙarfe 8 na safe ba, ba bayan 6 na yamma ba, sai da izini na musamman daga alƙali. Kayan da iyali ke buƙata don rayuwa da kayan sana'a suna cikin abin da doka ta kare.

Sai maganar ruwa. Tun 2014, a ƙasashen da ke amfani da sefa ta Afirka ta Yamma, iyakar ruwan da ƙananan asusun bashi da sauran masu ba da rance za su ɗora ita ce kashi 24 cikin 100 a shekara. Ta bankuna ba ta kai haka ba. Wanda ya ba ku jika goma ya ce ku riƙa ɗora masa jika ɗaya kowane wata, ya ɗora kashi 120 ke nan a shekara, ninki biyar na abin da aka yarda. Idan kun biya wani abu, ku karɓi rasit, ko ku ajiye saƙon wayar in ta Flooz kuka tura.

Tsaya wa wani kuma ba sa hannu ne na zumunci kawai ba. Dokar lamuni da aka amince da ita nan Lome a Disamban 2010 ta ce dole mai tsayawa ya rubuta iyakar kuɗin da hannunsa, da haruffa da lambobi. Wanda bai iya rubutu ba, sai da shaidu biyu da za su tabbatar an bayyana masa nauyin da ya ɗauka. In wanda kuka tsaya wa ya kasa biya, ku za a bi. Kafin ku dangwala yatsa, ku zo da takardar ofis mu duba tare.