Fatar da ruwa ya jiƙa: a yar da ita ko a gyara?

A shekarar 2024 da ta 2025, Babbar Salla ta faɗo a watan Yuni, farkon damina. A daminar 2024 kuma ambaliya ta rushe gidaje da yawa cikin jihar Tawa. A garuruwan Ƙwanni da Malbaza da Illela, mai fata yana shanya ta a fili ko ya ajiye ta a ɗakin ƙasa. In ruwa ya same ta, sai wani ya yar da ita, wani kuma ya kai wa majemi ruɓaɓɓiya. Duka biyun hasara ce. Fata kuɗi ce. Ana iya ceton ta in an yi hanzari.

Me ke ɓata fata?

Ba ruwan kansa ke ɓata ta ba. Wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Suna son laima da zafi da jini. Suna fara cin gindin gashi, sai gashi ya riƙa zuba. A lokacin zafi, ɗanyar fata tana iya fara lalacewa tun ranar da aka feɗe ta. Busasshiyar fata ma, in ta sha ruwa, ta koma kamar ɗanya.

Yadda ake gane halin da take ciki

A shinshina ta. Sannan a kama gashi da yatsu biyu, a ja a hankali. A gwada a wuya, da ciki, da hammata.

1. In gashi bai fita ba, kuma babu wari, fatar tana da rai. Za ta yi buzu ko agalami. Haka ma masu cusa fatar barewa don a ajiye ta da siffarta a gidan tarihi suke gwadawa, domin aikinsu ba ya yiwuwa sai da gashi.

2. In gashi yana fita a wasu wurare, ba za ta yi buzu ba. Gashin da ya saki ba ya komawa. Amma majemi zai iya cire shi duka, ya jeme ta da bagaruwa. Baduku ya yi takalmi ko kube da ita. Kuɗinta dai zai ragu.

3. In tana wari, tana yauƙi, yatsa yana huda ta, ta mutu. A haƙa rami nesa da rijiya, a binne ta.

Yadda ake ceton ta

A wanke laka da jini da ruwa mai tsabta. A rataye ta ruwan ya tsane. A kankare sauran nama da kitse, kada wuƙa ta huda ta. A shimfiɗa ta a inuwa, gashi yana ƙasa. A zuba gishiri mai laushi a goga ko'ina, har bakin fatar da ƙafafu. Fata mai nauyin kilo 3 tana son gishiri kilo 1 ko fiye. Kashegari a kakkaɓe jiƙaƙƙen gishirin, a zuba sabo. Daga nan a ɗaure ta da igiya a jikin itace, ƙarƙashin rumfa, inda iska ke ratsawa.

Kada a shanya ta a ƙasa cikin rana mai zafi. Bayanta zai bushe, cikinta yana ruɓewa. Kada a naɗe ta da laima. Kada a sa ta cikin leda.

Gargaɗi

Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, ko aka tsince ta cikin ambaliya, kada a feɗe ta. Mai yiwuwa ciwon saifa ne, kuma yana kama mutum ta fatar. A sanar da ma'aikacin kiwo.

Tambayoyi don masu karatu

1. Me ke sa gashin fata ya zuba?
2. Wace fata ce za ta yi buzu?
3. Mahauci yana da fatu 6, kowace kilo 3. Kilo nawa na gishiri zai saya don zubin farko?