Sayar da Tumatir ta Wayar Hannu

Malam manomi, tumatir ba ya jiran mai saye. Kafin ka tsinka, buga waya Kasuwar Tarauni ko 'Yankaba ka ji nawa kwando yake yau. In kaya sun cika kasuwa, dakata kwana ɗaya. In kana da mai gidan abinci a Gyadi-Gyadi, tura masa hoton kayan ta WhatsApp, ku yanke farashi da wanda zai biya kuɗin mota.

Amma fa a kula! Tun ƙarancin takardun naira na 2023 biya ta waya ya yawaita, alat na bogi ma haka. Kada saƙon tes ya ruɗe ka. Duba asusunka da kanka, ka ga kuɗi sun shiga, kafin a loda ko kwando ɗaya.