Amsoshin Tambayoyinku: Ɗakin Kwanan Ɗalibai na Mellanby

Malama Hadiza daga Gusau ta aiko da tambaya: wanne ne ɗakin kwanan ɗalibai mafi daɗewa a Jami'ar Ibadan, kuma su wa suka zana shi?

To Malama Hadiza, mun gode. Sunansa Mellanby, an buɗe shi a 1952. An sa masa sunan Kenneth Mellanby, shugaban farko na kwalejin da aka kafa a 1948, wadda ta zama Jami'ar Ibadan.

Waɗanda suka zana shi miji da mata ne 'yan Ingila, Maxwell Fry da Jane Drew. Babbar damuwarsu ita ce zafi da gumin Ibadan. Sai suka yi ginin dogo, siriri, ɗakuna a jere da baranda, domin iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Suka kuma yi bangon siminti mai huda-huda, wanda ke tare rana amma ya bar iska ta ratsa. Ɗalibi zai yi karatu, ya yi barci, ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba. A ganina, Malama Hadiza, masu gina ɗakunan ɗalibai a yau ya kamata su je su duba wannan bango mai huda-huda.