Karatun banki: me ake koya, kuma ina zan dosa?

Tambaya: Malam, ni ɗan Tasawa ne, bana na samu bak. Ina sha'awar karatun tafiyar da banki, amma babana ya ce ba sai an je jami'a ba kafin a iya ƙirga kuɗi, kuma yana tsoron riba. Me ake koyarwa, kuma a ina?

Amsa: Ɗana, ka gaida min Baba, ka ce masa a kan ƙirga yana da gaskiya. Dillalin awaki a kasuwar Mayahi ya fi wani mai digiri saurin lissafi. Abin da jami'a za ta koya maka shi ne yadda ake ba da bashi da kuɗin da ba naka ba, kuma ya dawo. Kuɗin da ke banki ajiyar mutane ne, kowa na iya zuwa gobe ya ce a ba shi nasa. Nawa za ka bari a akwati, nawa za ka ranta, wa za ka ranta wa? A kan wannan ake ɗora darussan akanta, tattalin arziki, dokar kasuwanci da auna haɗarin bashi.

Nijar ta taɓa ɗanɗana kuɗarta. Bankin BDRN na gwamnati ya durƙushe saboda basussukan da ba a biya ba, aka rufe shi a 1990, SONIBANK ta maye gurbinsa. A shekarar ce aka kafa hukumar sa ido kan bankunan ƙasashen sefa na yammacin Afirka, mai mazauni a Abijan. Za ka karanta ƙa'idojinta da na babban banki BCEAO har su gundure ka.

Wurin karatu kuwa, akwai tsangayar tattalin arziki da gudanarwa a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, akwai ta Jami'ar Tawa. Lisans shekara 3 ne, mastar shekara 2, kuma galibi a mastar ake tsunduma cikin banki sosai. Wanda ya yi fice yakan nemi makarantar CESAG ko ta COFEB a Dakar. Ka riƙe lissafi da Faransanci da kyau, kada kuma ka raina Turancin Ingilishi, tunda cinikinmu da Katsina da Kano ne.

Maganar riba ba abin wasa ba ce, kuma ba zan ce maka bankunan da aka saba ba sa karɓar ruwa ba. Suna karɓa, sai dai doka ta yi masa iyaka. Amma akwai Bankin Musulunci na Nijar, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka da ƙarin da kuka shirya tun farko, kuma Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiya guda ta wannan fanni. Ku zauna da Baba da malamin da ya yarda da shi.

Shawarata dai, kada ka sa ido kan kujerar Yamai kaɗai. A yankin Maraɗi ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a 1991: mata su zauna kan tabarma, kowa ta zuba nata a akwati, su ranta wa junansu. Ka je ka ga yadda suke gane wadda za ta biya. Ka leƙa mangazar da manoma ke jinginar da wake bayan kaka, ƙofa ɗaya kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiyar manoma, ɗaya a hannun asusun da ya ba da rance, sai wake ya yi tsada a buɗe. Da hutun nan ka nemi wani asusu a Tasawa ya ɗauke ka koyon aiki ko da kyauta ne. Ranar farko wata tsohuwa za ta ce maka ta kawo jika biyu da dala arba'in, kai kuma ka rubuta 2,200 a takarda.