Zuwa Ga Samarinmu Masu Son Tuƙi Da Ruwa

'Ya'yana na garejin Magariya da Dungas, na ji labarin kwalaben da kuke haɗawa: ƙarafuna a cikin ruwa, waya daga batir, tiyo zuwa kabureta, wai don ruwa ya rage muku shan mai. Ban ga laifinku ba. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, arhar da muka saba samu wurin 'yan ruwa-ruwa, masu sayar da mai a bakin hanya, ta tafi, matatar mai ta SORAZ kuma, da aka buɗe a 2011, ba kullum take wadatar da kowa ba. Ɗan kabu-kabu ya fi kowa sanin zafin wannan.

Kumfar da kuke gani a kwalaben gaskiya ce. Lantarki na raba ruwa gida biyu, haidurojin da oksijin, tun 1800 aka gwada haka a Ingila. Amma ruwa toka ne, tokar haidurojin da ya riga ya ci wuta. Kafin a maido da shi abin ƙonawa, sai an biya duk ƙarfin da ya fitar, har da ƙari. Kilo ɗaya na haidurojin na buƙatar ruwa lita 9 da lantarki wajen kilowat-awa 50, alhali abin da zai bayar bai wuce 33 ba. Injin kuwa ko rabin wannan ba ya mayarwa gudu, saura zafi ne. To, wa ke cika batir? Dinamo. Wa ke juya dinamo? Injin, da man da ka saya da guminka.

An yi wani Ba'amurke, Stanley Meyer, da ya ce motarsa ruwa take sha. A 1996 kotun Ohio ta same shi da zamba. Motocin haidurojin na gaske, irin Toyota Mirai, a wani wuri ake sarrafa iskar a ɗura musu a tanki mai kauri.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne lafiyarku. Iskokin nan biyu, haidurojin da oksijin, in suka taru a kwalba ɗaya, tartsatsi kaɗan ya isa ya tarwatsa ta a fuskar mutum. Sodar da kuke zubawa a ruwan tana cin fata, tana makantarwa. Wanda ya sa gishiri a madadinta kuwa, iskar kulorin mai guba zai shaƙa. Don Allah kada ku tara iskar, kada ku gwada a cikin ɗaki ko kusa da mai walda.

Mai son rage shan mai ya wanke filtar iska, ƙurar hanyoyinmu ba ta da sauƙi. Ya duba buji, ya daidaita iskar taya, ya rage lodi ranar kasuwa. Mai hannu irin naku kuma, da ya iya waya da batir, manoman rani na neman wanda zai haɗa musu famfo mai aiki da hasken rana, ya kuma gyara shi in ya tsaya.