Ganye, Miyau da Hawan Jini

Ya kai mai karatu, ka taɓa matse bakin tiyo lokacin ban ruwa a garka? Da ka matse shi, sai ruwa ya fito da ƙarfi. To, haka jini yake cikin jijiyoyinka. In jijiya ta tsuke, zuciya sai ta yi ta tura jini da wahala. Wannan shi ne hawan jini, wanda muke ce wa tansiyo. In an auna ka sau da yawa, ana samun 14 bisa 9 ko fiye, kana da shi. Sau da yawa ba ya ciwo. Sai dai a ji mutum ya faɗi, rabin jiki ya shanye.

Akwai wani sinadari mai suna nitarat. Nan Arlit da Akokan ba baƙo ba ne. Yana cikin takin zamani, kuma da irinsa ake haɗa nakiyar fasa dutse. Amma shuka ma tana tsotso shi daga ƙasa. Alayyahu, salati da betarab suna da shi sosai.

In ka ci ganyen, nitarat ya shiga jini, daga nan wani ya dawo cikin miyau. A bisa harshenka akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ke juya nitarat ya koma nitirit. Ka haɗiye miyau, sai jiki ya maida nitirit wata iska da masana ke rubuta wa NO. Iskar nan ita ke sa jijiya ta saki, ta buɗe, tansiyo ya ɗan sauka. A 1998 masana uku na Amurka suka samu kyautar Nobel don gano aikin wannan iska.

A 2015 likitoci a Landan suka ba da labarin wani gwaji da mutum 64 masu tansiyo. Rabinsu suka sha kwatan lita na ruwan betarab kullum, har sati 4. Awonsu na sama ya sauka, kamar daga 15 zuwa 14 da ƴar ɗoriya. Ka ga ganye na taimako, amma ba ya maye magani. In likita ya ba ka ƙwaya, kar ka bari don kana cin salati.

Sai dai a kula. Abin da ya gyara babba yana iya ɓata jariri. In nitarat ya yi yawa a ruwan sha, yana hana jinin jariri ɗaukar iska. Leɓensa ya yi shuɗi, numfashi ya yi wuya. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kar ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya. Rijiyar da ke kusa da salga, ko garke, ko tulin taki, ita ce abin tsoro. Tafasa ruwan ba ya fidda nitarat, ƙara shi ma yake yi.

Ga abin da za ka riƙe:

1. Ka sa ganye a tukunya kullum. Wanda za a ci ɗanye, a wanke shi sosai.
2. Ka rage gishiri, kanwa da dunƙulen miya. Gishirin yini kar ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya.
3. Jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6.
4. Ka je likita a auna ka, ko da kana jin lafiya lau.

Tambayoyi

Wane ganye ke da nitarat da yawa?
Mene ne aikin miyau a nan?
Don me ba a ba jariri ruwan rijiya?
Yaushe rabonka da awon tansiyo? Rubuta ranar cikin littafinka.